Wata takwas ina manna filastar lidoken a haƙarƙarina

Ciwon da ya kai ni ga wannan filasta ya faro ne daga wasu ƙuraje da suka fito mini a gefen dama na ƙirji, suka bi ta ƙarƙashin hammata har tsakiyar baya, kamar an ɗaura mini rabin ɗamara. Likitoci suna kiran cutar zosta. Sun bayyana mini cewa ƙwayar cutar ƙarambau ce da na yi tun ina yaro, wadda ba ta barin jiki bayan an warke, sai dai ta laɓe a tushen jijiyoyi kusa da laka, ta yi shekara da shekaru ba a jin ɗuriyarta, har ranar da garkuwar jiki ta yi rauni saboda tsufa ko wata rashin lafiya, sannan ta farka ta bi jijiya guda ta fito fata. Akwai maganin da ke rage ƙarfin cutar idan an fara shan sa cikin awa 72 da fitowar ƙurajen, amma ni sai da na yi kwana shida ina ɗaukar abin a matsayin cizon ƙwaro kafin na je asibiti. Ƙurajen sun yi ruwa, sun bushe, ɓawonsu ya zube cikin mako huɗu. Zafin ne bai bi su ya tafi ba, kuma da ya wuce wata uku likita ya ce mini ya zama ciwon jijiya mai daɗewa, irin wanda ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50.

Dole in rarrabe zafin gida biyu, domin duk hukuncin da zan yanke wa filastar a kan wannan rarrabewa ya dogara. Na farko yana saman fata: ƙuna ce mara yankewa, tare da wani irin rashin haƙuri na fata da ba na jin wanda bai taɓa yi ba zai gane shi. Idan na dafa wurin da tafin hannu da ƙarfi ba na jin komai na a zo a gani, amma idan riga ta goge shi a hankali, ko iskar fanka ta bi ta kansa, sai in ji kamar an watsa mini garwashi. Na biyu yana can ciki, tsakanin haƙarƙari, suka ce da ke zuwa ba sallama kamar an caka allura mai tsawo, ta yi daƙiƙa biyu ko uku ta wuce, wani lokaci sau goma a yini, wani lokaci sau biyu. Ni malamin makaranta ne, aikina tsayuwa ne gaban aji da ɗaga hannun dama a yi rubutu a allo, kuma kowane ɗaga hannu yana jan riga a kan daidai wurin da ba ya son a taɓa shi. Na kai ga ina riƙe gefen rigar da yatsu biyu na hannun hagu ina nesanta ta da jiki yayin da nake koyarwa, har ɗalibai suka saba ganina haka.

Ƙwayoyi aka fara ba ni, kamar yadda ake yi wa mafi yawan masu wannan ciwo. Amitirifitilin ya sa ni barci, amma ya bar ni da bushewar baki da nauyin kai har azahar. Gabafentin ya rage sukar ciki sosai, sai dai da aka ƙara yawansa na fara jiri, ina manta abin da na buɗe baki zan faɗa, wanda ga malami ba ƙaramar matsala ba ce. A nan ne likitan ya rage gabafentin zuwa adadin da nake iya ɗauka, ya ce: "Malam, tunda abin da ya fi damun ka taɓawar riga ce, bari mu gwada kai maganin inda ciwon yake, mu bar kanka ya huta. Ka ba shi mako biyu zuwa huɗu. Idan ba ka ga canji ba, mu daina, kada ka yi ta ɓata wa kanka lokaci."

Filastar lidoken yake nufi, wato filasta mai ɗauke da maganin kashe zafi da ake mannawa a kan fatar da ke ciwo. Ban karɓi shawarar da zumuɗi ba. Lidoken da na sani shi ne wanda likitan haƙori ke yi wa mutum allurarsa, leɓe ya mutu na awa ɗaya ko biyu, ya dawo. Tsohon magani ne: wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Löfgren ya haɗa shi a 1943 tare da abokin aikinsa Bengt Lundqvist, aka fara sayar da shi a ƙarshen shekarun 1940 da sunan Xylocaine, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma duk abin da na san ana yi da shi na ɗan lokaci ne, cire haƙori ko ɗinkin rauni, don haka na kasa ganin yadda maganin awa biyu zai yi wa ciwon wata biyar wani abu. Daga baya na fahimci cewa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da filastar mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 tun 1999, kuma saboda wannan ciwo na bayan zosta takamaimai aka amince da ita. A Amurka an san ta da sunan Lidoderm, a Turai kuma Versatis.

Filastar fara ce, mai laushi kamar ƙyallen auduga, faɗinta santimita 10, tsawonta 14, ɓangarenta ɗaya na da danƙo mai sanyi wanda aka rufe da siririyar leda. Biyar ke zuwa a jaka ɗaya mai zuge, kuma takardar cikin kwalin ta ce a yi amfani da su cikin kwana 14 da buɗe jakar, a riƙa rufe ta sosai domin kada su bushe. Ana iya yanka ta da almakashi daidai girman wurin, amma kafin a ɓare ledar. Na taɓa ɓarewa sannan na yi ƙoƙarin yankawa, ta naɗe a jikin almakashin ta lalace. A daren farko maiɗakina ce ta manna mini guda biyu, ɗaya a gefen ƙirji ɗaya a baya, domin hannuna ba ya kai wa can. Abin da na fara ji sanyi ne mai daɗi, kamar an ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan ƙuna. Na zauna ina jiran wurin ya mutu kamar leɓe a wurin likitan haƙori, bai mutu ba. Na taɓa saman filastar na ji taɓawar sarai, har na ce a raina wannan ma ba za ta yi ba. Sai bayan kamar awa ɗaya na lura cewa na jingina da kujera da bayana duka, abin da na yi watanni ban yi ba, kuma ban san lokacin da na jingina ba.

Dalilin da ya sa fatar ba ta mutuwa shi ne abin da ya fi burge ni da na fahimce shi. Jijiya tana aika saƙo ne ta wasu ƙananan ƙofofi a jikinta da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga, kuma aikin lidoken shi ne toshe waɗannan ƙofofi. Idan an yi allurarsa da yawa kusa da jijiya, saƙo duka yana tsayawa, wurin ya mutu. Jijiyar da zosta ta lalata kuwa tana yin harbi ne da kanta ba tare da an taɓa ta ba, ko ta mayar da ɗan shafa ya zama ihu, kuma ɗan abin da ke ratsa fata daga filastar ya isa ya kwantar da wannan harbi na banza ba tare da ya kashe ji na ainihi ba. Kowace filasta tana ɗauke da miligiram 700 na maganin, amma abin da ke shiga jiki bai wuce kimanin kashi 3 cikin 100 ba, shi ya sa ba ta kawo jiri ko magagi irin na ƙwayoyi. Akwai kuma wani aiki da ba na magani ba, wanda a ganina bai kamata a raina shi ba: ita kanta filastar katanga ce tsakanin riga da fata. Ba zan iya rantsewa nawa ne daga cikin sauƙin da na samu na lidoken ba, nawa ne na ƙyallen da ya tare gogar riga, sai dai na gwada rufe wurin da bandeji mara magani na kwana biyu, ya taimaka wajen gogar, amma ƙunar tana nan yadda take.

Ƙa'idar amfani da ita ce ta fi ba ni wahala, kuma ita ce abin da zan so kowa ya yi tunani a kai kafin ya fara. Ba a wuce filasta uku a lokaci ɗaya, kuma awa 12 kawai ake barin ta a jiki, sannan a cire a bar fata ta huta awa 12, domin kada maganin ya taru a jini kuma kada fata ta gaji. Ma'anar wannan ita ce mutum zai zaɓi rabin yinin da yake son sauƙi a cikinsa, ɗaya rabin kuma ya yi haƙuri. Na fara da dare, daga ƙarfe tara zuwa tara na safe, domin rashin barci ne ya fi galabaitar da ni a lokacin. Kowane juyi a kan gado zanin gado yana goge wurin in farka. Barcin ya gyaru cikin mako guda, amma sai ya zama ina cire filastar daidai lokacin da nake shiga aji. Na juya lokacin zuwa rana, daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma, aiki ya yi sauƙi, dare ya koma gidan jiya. Na yi kusan wata biyu ina kai da komo tsakanin biyun, har na taɓa barin ta awa 16 da gangan, na wayi gari da fata ja mai ƙaiƙayi wadda ta hana ni manna wata har kwana uku, ribar awa huɗu ta jawo mini asarar kwana uku. Abin da ya warware mini matsalar shi ne lura da cewa sauƙin ba ya gushewa nan take da an cire ta, yakan ɗan ja na wasu awanni kafin ƙunar ta dawo da ƙarfinta. Sai muka tsara da likita in manna ta da rana, in sha kason gabafentin mafi girma da dare, lokacin da magaginsa ba ya cutar da kowa. Wannan tsari ne ya zauna har yau.

Sukar ciki kuwa filastar ba ta taɓa ta ba, ko kaɗan. Maganin ba ya wuce 'yan milimita a ƙarƙashin fata, ita kuma sukar daga can cikin jijiyar take tasowa. Saboda ita ne aka tura ni sashen kula da ciwo mai daɗewa, inda aka yi mini allurar toshe jijiyar da ke bin ƙasan haƙarƙari, da wani ɗan'uwan lidoken mai suna bufibaken wanda ya fi shi daɗewa a jiki. An sa ni na kwanta a gefen hagu, likitar tana duba na'urar hoto tana tura allurar a hankali, bayan ta gargaɗe ni cewa huhu yana kusa da wurin kuma akwai ɗan haɗarin huda shi. Cikin minti ashirin rabin ɗamarar nan duka ta mutu, ba ƙuna ba suka, na koma gida ina jin kamar an sauke mini kaya daga ka. Kafin asuba komai ya dawo yadda yake. An ce mini akwai waɗanda sauƙin ke jan musu kwanaki ko makonni bayan maganin ya fita, ni dai ban shiga cikinsu ba, kuma ban ga dalilin komawa a huda ni kusa da huhu saboda sauƙin dare ɗaya ba.

Babban aibin filastar a wurina shi ne rashin kama jiki. Gumi maƙiyinta ne; a ranar zafi gefunanta suna fara naɗewa tun kafin awa huɗu, ta manne wa riga maimakon fata, wata rana ma na tsince ta a ƙugu. Ruwa ma haka, don haka wanka sai a lokacin hutun awa 12, kuma sai fata ta bushe sarai, ba mai ba hoda, kafin a manna sabuwa. Gashin ƙirji ana rage shi da almakashi ne, ba a aske shi da reza, saboda reza tana barin ƙananan raunuka da maganin zai bi ya shiga jini fiye da kima. Dabarun da suka taimake ni su ne yanke kusurwoyinta huɗu su zama zagaye, danna ta da tafin hannu na ɗan lokaci bayan mannawa, da kuma kama gefunan da siririn tef na asibiti. Duk da haka, ga abin da aka yi domin a sa a jikin mutum mai motsi na rabin yini, danƙonta bai kai yadda ya kamata ba. Akwai wata sabuwa mai ƙarfin kashi 1.8 cikin 100, ZTlido, da aka amince da ita a Amurka a 2018, wadda ta fi siranta kuma aka tsara ta domin ta fi kamawa, amma ban same ta na gwada ba.

Kuskure ɗaya na yi wanda ya kamata in faɗa. Wani dare mai sanyi, lokacin da nake manna ta da dare, na ɗora robar ruwan zafi a kan filastar ina ganin ɗumi zai ƙara mini sauƙi. Ban yi rabin awa ba maiɗakina ta shigo ta ɗauke robar, ta miƙo mini takardar cikin kwalin da yatsanta a kan layin da ya hana hakan. Zafi yana buɗe jijiyoyin jinin fata, maganin ya shiga jiki fiye da yadda aka auna. Ni fata ce kawai ta yi ja, amma lidoken idan ya yi yawa a jini yana taɓa ƙwaƙwalwa da zuciya, kuma alamunsa na farko su ne mutuwar leɓe da harshe, ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, jiri da dishi-dishin gani, daga nan sai karkarwa da jijjiga. A 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan mutuwar wasu mata biyu da suka shafa man kashe zafi mai yawa a ƙafafunsu suka naɗe da leda kafin a cire musu gashi da na'ura. Saboda wannan dalili ne ba a manna filastar a kan fatar da ta fashe ko ƙurajen da ba su gama warkewa ba, kuma duk mai ciwon hanta mai tsanani, ko mai shan maganin daidaita bugun zuciya, ko wanda jikinsa ya taɓa ƙin allurar kashe zafi, wajibi ne likita ya sani kafin ya rubuta masa ita, musamman mai ciwon hanta, domin hanta ce ke sarrafa maganin.

Wadda aka cire ma ba shara ce ta banza ba. Tunda ɗan kaɗan ne ke shiga jiki, tsohuwar filasta tana riƙe da aƙalla miligiram 665, wanda ya isa ya yi wa ƙaramin yaro ko dabbar gida mummunar illa idan ya tauna. Ina ninke ta gida biyu danƙo ya haɗu da danƙo, in jefa a kwandon da ke da murfi, in wanke hannu kafin in taɓa ido.

Da na ga tana yi mini aiki na nemi sanin abin da bincike ya ce, kuma abin da na samu ya rage mini ɗoki. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattarawa da tantance binciken lafiya, ta yi a 2014 a kan lidoken na shafawa da mannawa ga ciwon jijiya ta nuna cewa gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne kuma gajeru, ba su kai ingancin da za a kafa hujja mai ƙarfi da su ba, ko da yake wasu daga cikinsu sun nuna sauƙi. A 2017 hukumar kula da lafiya ta Ingila ta sa filastar cikin abubuwan da ba a son likitoci su riƙa rubutawa haka kawai, sai ga mai ciwon bayan zosta wanda sauran magunguna ba su yi masa ba ko jikinsa bai ɗauke su ba. Na yi ta juya wannan a raina, ina tambayar kaina ko yarda ce kawai ke yi mini aiki. Sai na daina manna ta na mako guda da sanin likita, ina rubuta ƙarfin zafin kowace yamma a kan ma'aunin sifiri zuwa goma da aka koya mini a asibiti. Da filasta ƙunar tana tsayawa a uku ko huɗu. Ba ita, a rana ta uku ta koma bakwai, na koma riƙe gefen riga a gaban aji. Wannan shaidar mutum ɗaya ce, wanda kuma ya san lokacin da ya manna da lokacin da bai manna ba, amma ita ce shaidar da nake da ita a kan jikina, kuma ta ishe ni in ci gaba. Ina ganin hukumar ta Ingila ta yi daidai da ta taƙaita ta, domin na gwada rabin guda a gwiwata da ke ciwon sanyin ƙashi, ban ji komai ba sai sanyin danƙon.

Wanda zan ce ya tambayi likitansa game da ita shi ne mai ciwon jijiya da ke wuri guda, wanda zai iya zagaye shi da yatsa ya ce daga nan zuwa nan, yana saman fata, taɓawa tana tayar da shi, musamman dattijon da ƙwayoyi ke sa shi jiri har ana tsoron faɗuwarsa. Wanda ciwonsa ke can cikin gaɓa ko ƙashi, ko ya watsu a jiki, ba na jin za ta yi masa abin da ta yi mini. Ba ta warkar da jijiyar. Idan ciwon ya ragu da tafiyar watanni, kamar yadda yake yi wa mutane da yawa, jiki ne ke gyara kansa, ita kuwa tana sa jiran ya yiwu.

Yanzu wurin da ke ƙuna ya tsuke daga rabin ɗamara zuwa kamar faɗin tafin hannu a ƙarƙashin hammata. Na sauka daga filasta biyu zuwa rabin guda, ina manna ta da kaina ƙarfe bakwai na safe ba sai an taimake ni ba, kuma a ranakun da ba aiki nakan bar ta in ga yadda fatar za ta yi. Sukar ciki tana zuwa sau ɗaya ko biyu a yini. Likita ya ce idan na dawo bayan wata uku za mu gwada cire ta gaba ɗaya na mako biyu, sannan mu yi maganar allurar rigakafin zosta, domin cutar tana iya dawowa.